Layi na Goma Sha Bakwai

A sashen tarihi babu wanda ya kai Malam baki in ana zancen 'yancin malamin jami'a. Ɗalibai har sun laƙaba masa Baba Gaskiya. Yana nuna ba ya so, amma sunan na yi masa daɗi ƙwarai.

Sai ga takardar koke an ajiye a ɗakin hutun malamai. Ɗalibai ne suka rubuta, suna roƙon majalisar jami'a abu biyu: a bar ɗaliban Falasɗinu da yaƙi ya rushe makarantunsu su ci gaba da karatu ko babu takardunsu na asali, kuma a daina tuhumar malaman da suka yi magana a kan yaƙin. Ita kuwa majalisa ba ta duba koke sai da sunayen malamai arba'in.

To, takardun ƙarin girman Malam suna kan teburin shugaban jami'a, mutumin da ko zancen koken nan ba ya son ji. Shekara tara Malam na jiran kujerar farfesa. In ya sa hannu, ya ja wa kansa. In ya ƙi, da wace fuska zai shiga aji? Sai ya yi dabara irin ta masu ilimi. Ya faki idon mutane, ya yi wani jagwalgwalo a layi na goma sha bakwai, sai ka ce kaza ce ta bi ta kan takardar. In ɗalibai sun tambaya, ya sa hannu. In shugaba ya tambaya, ai ga takarda nan, a nuna masa sunansa. Ranar har yaba wa kansa ya yi.

Ran Laraba da rana aka ƙwanƙwasa ƙofar ofishinsa. Ɗalibarsa ce Bafalasɗiniya, wadda ta shekara a ajinsa da izinin wucin gadi. In majalisa ba ta duba koken ba, ƙarshen wata za a cire sunanta.

"Malam, sakataren majalisa ya dawo mana da takarda," in ji ta. "Ya ce suna ɗaya ba ya karantuwa, don haka talatin da tara ya ƙirga. Ya ba mu zuwa ƙarfe huɗu."

Ta shimfiɗa takardar kan tarin jarrabawar da yake dubawa, ta ɗora yatsa a layin.

"Kowa ya ce kai ne gwanin karanta mummunan rubutu."

Malam ya miƙe. Ya gyara tabarau, ya kai takardar bakin taga, ya karkata ta dama, ya karkata ta hagu, yana ɓata fuska kamar da gaske.

"Gaskiya, 'yata, wannan ya fi ƙarfina. Wasu mutane ba su da kirki, wallahi."

Ba ta karɓi takardar ba. Ta waiwaya ta tura ƙofa, sannan ta rage murya.

"Malam, shekara guda kana rubuta mini gyara a gefen takarda. Na san yadda kake jan wutsiyar harafi ko da kana sauri. Ban gaya wa kowa ba. Na zo ne in ji ko kana so a karanta shi. In ba ka so, sai in ce musu ba mu gane ba. Na san kowa da abin da yake tsoro."

Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya fara koyarwa. Da zagi ta yi da ya samu abin faɗa, don ba a rasa shi da amsa. Amma yarinyar da saura mako biyu a cire sunanta ce ta rufe ƙofa don kada asirinsa ya tonu.

Ya zauna. Ya laluba biro, na farko ya ƙi rubutu, ya ɗauki wani. Ƙarƙashin jagwalgwalon ya rubuta sunansa da na mahaifinsa, harafi bayan harafi, manya-manya, ya ƙara da sunan sashe.

Ta hura tawadar, ta naɗe takardar.

"Allah ya saka da alheri, Malam. Zan gaya musu kai ka cece mu."

"Kar ki gaya musu haka," ya ce, kansa a sunkuye. "Don Allah."