Haƙorin Yanke Zare

Babana ya shigo ɗakin da nake duba haƙori, ya rufe baki da hannu kamar yaron da ya saci sukari. Da ya cire hannun, sai na ga haƙorinsa na gaba ya ɓalle, saura tushe. Shi ne wanda na kashe wa jijiya bara, na kuma ja masa kunne cewa mataccen haƙori ba ya jure wahala.

"Kwalbar lemo ce ko, Baba?"

"Ke, rage murya!"

Mama ta yi shekaru tana hana shi buɗe kwalba da haƙori, har ta rantse ranar da ya karya sai ta yi wata ba ta yi masa magana ba. Baba kuwa bai iya yini guda ba tare da hirarta ba. Sa'arsa ɗaya, ta je wajen Yaya da ta haihu, sai bayan kwana goma.

Tushen na da ƙwari. Na share ramin jijiyar, na kafa siririn ƙarfe a ciki, na gina a kansa, na ɗauki awo don a ƙera hular da za ta rufe shi. Wajen zaɓen launi muka yi daru: shi fari fat yake so, alhali sauran haƙoransa duk shayi ya rina su. Na ci nasara a nan. Amma tsohon haƙorin yana da 'yar tsaga a baki, na ce a kwaikwaye ta.

"Sabon abu da tsaga? Ki yi min lafiyayye."

Na bar shi, don na gaji da musu.

Aikin ya yi kyau, ni kaina na yaba wa kaina. Mama ta dawo, ta yini tana kallon murmushinsa ba ta gane komai ba. Baba sai ƙifta min ido yake ta bayan jarida.

Washegari muna falo, Mama na ɗinke maɓallin rigarsa. Ta gama, ta miƙa masa zaren ba tare da ta ɗago kai ba, kamar yadda ta saba tun ina goye. Baba ya ciza. Zaren ya zame. Ya sake cizawa, ya sake zamewa.

Sai a lokacin na tuna abin da ya yi tsagar nan.

Mama ta ɗago a hankali. "Buɗe baki."

Ya buɗe. Ta daɗe tana kallo, wallahi har tausayinsa ya kama ni.

"Shekara talatin da biyu ina sassaƙa wurin nan da zarena," in ji ta. "Ku biyu kuka share min shi a kwana goma."

Ta tashi ta ɗauko mabuɗin kwalba, ta zura shi a igiya, ta rataya masa a wuya. Ni kuma ta miƙo min rigar, zaren na reto.

"Likita, tashi ki nemo almakashi. Mu gidan nan ba mu taɓa saye ba."