Tunkiyar Tela

Bakin Baba Mai Fiɗa yana manne da ƙafar tunkiyar sa'ad da na fito tsakar gida da bahon wanki. Ya ɗan tsaga fatar a saman kofaton baya, ya kafa leɓe yana hurawa, kumatunsa sun cika tam, tunkiyar tana kumbura a hankali. Haka yake aikinsa tun da na tare a gidan hayar nan: ya hura, ya bubbuga da tafin hannu, sai fata ta rabu da nama ba tare da wuƙa ta huda ta ba.

Tunkiyar ta tela ce, mai ɗakin da ke kallon nawa. Da safe ta yanke jiki ta faɗi tana shure-shure, shi kuma ya yi wuf ya yanka ta kafin ta zama mushe.

'Yata ta saki zanina ta nufe shi da gudu. Na cafko ta.

"Sake min ita mana," in ji Baba yana goge baki da bayan hannu. "'Yar Tsigi, zo ki karɓi ƙodarki. Uwarki ta fi kaza tsaron 'ya'ya."

"Baba, jinin nan bai yi min ba. Dubi yadda ya yi baƙi, kuma ya ƙi daskarewa."

"Ke da ko kifi sai an gyara miki?"

Tela ya yi dariya. Ni ban yi ba. Na saɓa yarinyar a baya na ɗaure.

Ya rataye tunkiyar a ƙugiya, ya zare fatar da dunƙulen hannu, ya farke cikin. Tumbi da hanji suka zubo cikin roba. Ya sa hannu ya lalubo wani abu, sai na ga ya tsaya cak. Saifa ce, ta kumbura ta kusa kai tsawon damtsensa, baƙa wuluk, tana narkewa a tsakanin yatsunsa. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya juya gefe ya tofar da yawu, ya sake tofarwa, ya ce a miƙo masa buta.

"Ba mai cin naman nan," ya ce bayan ya kurkure baki. "Ciwon saifa ne. A tona rami mai zurfi a bayan gida, har fatar a sa."

"Haba Baba! A yar da saifar mana, sauran ai lafiyarsa ƙalau," in ji tela. "Tunkiya guda? Yarana rabonsu da nama..."

"Na ga gidan da suka ce a yar da saifar. Ni na wanke gawarwakinsu."

Matar tela ta riga ta ɗora tukunya. Suka yi ta ja-in-ja, tela yana cewa wuta tana kashe komai, matarsa tana cewa ko cinya ɗaya a bar musu. Gidan nan yara ne fal, kuma duk kwanon da aka buɗe sai 'yata ta tsoma hannu. Na shiga ɗaki na ɗauko galan ɗin kananzir, na juye shi kaf a kan naman da kayan cikin.

Tun daga ranar tela bai ƙara amsa gaisuwata ba.

Da aka gama binnewa na sami Baba a bakin famfo yana dirje hannuwansa da toka.

"Ka sa baki fa, Baba. Na gani. Tashi mu je asibiti yanzu."

"'Yar nan, bakin nan ya hura abin da ya fi wannan."

"To mu je su faɗa da kansu."

Ya rage murya. "In na je za su tambaya tunkiyar ta wa ce. Su zo su kwashe sauran tumakin tela, su bi unguwa gida gida. Wa zai ƙara kirana fiɗa? Na ci me?"

Ba shi da kowa sai wuƙaƙensa. Matarsa ta rasu tun kafin na san shi, ɗansa kuma ya tafi neman aiki, ko waya ba ya yi. Mijina direban babbar mota ne, yana kan hanya. Da na kira shi sai ya ce, "Ki kula min da 'yata, ki bar dattijo da ra'ayinsa."

Na bar shi, amma kullum da safe sai na ƙwanƙwasa. Da farko ya ce zazzaɓi ne. Sannan muryarsa ta dushe. Ranar da ya buɗe ƙofa na ga wuyansa: ya kumbura ta gefe guda har ya haɗe da haɓa, yawu yana zuba don ya kasa haɗiyewa. 'Yar Tsigi ta leƙo ta tsakanin ƙafafuna tana kiran "Baba, Baba."

"Fitar da ita!" Ban taɓa jin ya daka mata tsawa ba. Ta fashe da kuka, ya tura ƙofa ya sa sakata.

Daga nan a bakin ƙofa nake ajiye masa abinci mai ruwa-ruwa, a kwanon da na ware masa. In dawo in tarar ƙuda ne kawai suka ci. Ina magana ta jikin katako, yana amsawa da ƙyar.

"Baba, don girman Allah."

"Gobe."

"Jiya ma gobe ka ce."

"'Yar Tsigi tana ina?"

"Tana barci."

"Kar ki bari ta yi wasa a bayan gida."

Da hantsin wata rana na ƙwanƙwasa, shiru. Na je na tsaya a kan tela yana taka keke.

"Ka tsane ni in ka ga dama, amma tashi ka ɓalle ƙofar nan."

Ya dube ni, ya dubi ƙofar, ya tashi ya ɗauko taɓarya. Muka same shi a ƙasa kusa da randa, numfashinsa yana fita da ƙara kamar ana jan zarto. Ɗakin yana warin fata da gishiri. Na kulle 'yata a ɗakina tana ihu, na sa ledoji a hannu, na ba tela wasu.

Mai motar farko da na tare ya leƙa ya ga wuyan, ya ja motarsa. Na biyu bai ma tsaya ya gama ji ba. A baron mai sayar da gawayi muka ɗora shi, tela yana turawa, ni ina tallafe da kansa, ƙafafunsa suna jan ƙasa. Mutane suka dare mana hanya suna toshe hanci, mutanen da ya feɗe wa dabbobi shekara da shekaru.

Likitar mace ce, ba ta girme ni ba. Ta tambayi sana'arsa, na faɗa mata komai, har hurawar.

"Yaushe?"

Na faɗa. Ta cire tabarau ta murza ido.

"Da a ranar kuka zo, ƙwayoyi kawai zan ba shi ya koma gida."

Suka sa masa ruwa da allurai. Ta taga aka bar ni na gan shi. Ya buɗe ido sau ɗaya, bakinsa ya motsa, ban ji abin da ya ce ba. Kafin la'asar ya cika.

Ba su ba mu gawar ba. Ma'aikata masu fararen kaya suka zo gidan, suka kwashe tumakin tela yana tsaye hannu a ka, suka raba wa kowa magani, suka fito da katifar Baba da tabarmarsa da fatun da ya shanya suka cinna musu wuta a tsakar gida. Na rufe taga, na ɗura wa 'yata maganin tana tofarwa, na sake ɗura mata. Lambar ɗansa da muka samu ba ta shiga.

Washegari ina shara sai ga wani maharbi ya jingine kekensa a bakin zaure, da zomaye biyu da gada ɗaure a baya.

"Tsoho! Fito, yau na kawo maka aiki. Ko har yanzu barcin ne?"

Na ajiye tsintsiya na faɗa masa. Ya cire hula, ya mayar. Ya dubi ƙofar da aka ɓalle, ya dubi baƙin wurin da wuta ta ci.

"To wa zai..." Bai ƙarasa ba.

Ya daɗe a tsaye riƙe da keken. Kan gadar yana lilo a gefen taya, jini yana ɗiga daga hancinta a kan wurin da na share.