Malafa a Bakin Taga

Shekara tara Akila ya yi yana gadin wata lakwal, wato makarantar boko, da ke gefen garin Belbeji. Shi ke buɗe ƙofa da safe, shi ke buga ƙarfen da aka rataya a bishiyar aduwa in lokacin tashi ya yi. Talata da Juma'a kuma yakan ɗaura jaki a amalanke, ya jera jarkoki, ya gangara rijiyar kwari ya ɗebo ruwan da za a dafa wa ƴaƴan makiyayan da ke karatu a nan abinci. Ba ya dawowa sai rana ta take tsaka. Ko daga nesa ka hango wata malafa mai jan baki tana tafe, ka san Akila ne.

Yana da ƴa a aji shida, Hosana, shekararta goma sha uku. Ita ce ƴar farinsa, don haka tun ranar da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba. Haka ya taso ya tarar a gidansu: ɗan fari kunyarsa ake ji, ba a kiran sunansa, ba a hira da shi, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. Kakarta ce ta raine ta a Falanko, sai da tsohuwar ta rasu aka dawo da ita. A gida in Akila zai aike ta, sai ya dubi bango ya ce, "A gaya wa yarinyar nan ta kawo tabarma." Ita ma ta kawo, ta ajiye, ta fice kanta a sunkuye. Mahaifiyarta Rabeka ma ta fi shi tsanani, ko kwano ɗaya ba ta ci da yarinyar.

To amma kunya ba ta hana zuciya damuwa. Akila bai yi nisa a karatu ba, aji uku ya tsaya, kuma ya ɗora duk burinsa a kan yarinyar. Tunda ba shi da bakin tambayarta yadda karatu ke tafiya, sai ya samo dabara. Ya ɗauki bencinsa ya kai ƙarƙashin tagar aji shida, wai can ne inuwa ta fi. Nan yake zama yana saƙar igiya, kunnensa a cikin aji. Ranar da za a yi gwaji kuwa ko rijiya ba ya zuwa, tun jajibiri yake cika randuna don kada wani abu ya ɗauke shi daga wurin.

Abin da yake ji kullum shi ne muryar Mushe Rissa, malamin ajin, yana cewa, "Hosana, ke nake tambaya." Daga nan sai shiru, shirun da Akila ke ji har cikin haƙarƙarinsa. Wani lokaci ya miƙe ya leƙa, ya gan ta tsaye tana kallon ƙasa, yatsunta na murza bakin hijabin ƙawarta da ke gefe.

Wata safiya direkta ya kira shi ofis. Ya ba shi kujera, abin da bai saba yi ba.

"Baba Akila, ba na son ka ji a bakin wani," in ji direkta. "Nan da sati uku zan aika sunayen waɗanda za su zauna jarrabawar shiga kolej. Ƴarka ta riga ta maimaita aji sau ɗaya. Ga takardunta na gwaji, duba da kanka. Suna kawai take rubutawa, sauran fari fat. In haka ta ci gaba ba zan iya sa ta ba, kuma doka ba ta ba ni damar sake maimaita mata ba."

"Ranka ya daɗe, wato sai gida?"

"Sai gida. Sai dai akwai wata baƙuwa da jami'a ta turo mana daga Damagaram. Karatunta a kan halayyar ɗalibai ne, me ke sa yaro ya gane, me ke hana shi. Za ta yi wata guda a nan tana bincike kafin a ba ta takardar gamawa. Na ce ta duba yarinyar."

Baƙuwar ita ce Malama Bintu, ƴar siririya mai tabarau, ba ta fi shekara ashirin da biyar ba. Akila ya dube ta ya ce a ransa, wannan ai ita ma rainonta ake yi. Ya yi zaton za ta zo da wani inji ta auna kan yarinyar, sai ya ga ba ta da komai sai littafin rubutu da agogon hannu. Takan zauna can bayan aji tun safe har a tashi, ba ta koyarwa, ba ta tsawatarwa, rubutu kawai.

A kwana na huɗu ta ce za ta gwada Hosana ita kaɗai a ɗakin ajiyar littattafai. Akila ya bi su ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce ko za a buƙaci ruwa. Malama Bintu ta baje wasu katuna masu hotuna, ta yi tambaya da Faransanci, ta sake da Hausa, ta yi wasa, ta yi dariya. Hosana ko uffan. Da suka fito Akila ya tare ta.

"Malama, faɗa mini gaskiya. Kan ne babu?"

"Ban sani ba tukuna, Baba. Wanda bai yi magana ba, ban auna komai a kansa ba."

Amsar ba ta yi masa daɗi ba. Da rana ya gaya wa Rabeka, ita kuma ta ci gaba da tankaɗen garinta ta ce, "Ni ina ruwana da zancen yarinyar mutane." Amma ya lura hannunta ya tsaya a kan rariya, ya daɗe bai motsa ba.

Kwana goma sha biyu suka wuce. Wata ranar Litinin bayan an tashi, Malama Bintu ta zo ta zauna a ƙarshen bencinsa, Mushe Rissa na biye da ita yana karkaɗe alli daga hannunsa.

"Baba, zan nuna maka wani abu," ta ce, ta buɗe littafinta. Ta ja layuka, kowane layi da ranarsa. "Duk inda ka ga ɗigo, Hosana ta ba da amsa ke nan. Duba nan, babu. Nan ma babu. Ga Talata, ɗigo bakwai. Laraba babu, Alhamis babu. Juma'a ɗigo tara, kuma duka kafin azahar."

Mushe Rissa ya ce, "Ai na gaya miki, Madam, wata rana sai ta zuba kamar rediyo. Na ɗauka maƙwabciyarta ke raɗa mata. Yara saba'in da huɗu gare ni, ina zan tuna wace rana ce wace?"

"Na raba su da maƙwabciyar tun makon jiya, ba abin da ya canza. Na duba ko yunwa ce, na duba ko darasin ne ya bambanta, na duba ko ba ta gani daga nesa. Duk ba su ba ne." Ta juyo ta dubi Akila. "Baba, ina kake zuwa Talata da Juma'a?"

"Rijiya."

Ya faɗa ke nan sai Malama Bintu ta miƙe ta ce ya biyo ta cikin aji. Ta zaunar da shi a kan teburin Hosana, layi na uku kusa da bango, gwiwoyinsa suka tokare katako. Ta karɓi malafarsa ta miƙa wa Mushe Rissa, ta ce ya sa ya je ya zauna a benci. Akila ya ɗaga kai. Ga ta nan, jan bakin malafar da tsininta, sun leƙo daidai gindin taga, ba abin da ke tsakaninsu da idonsa.

"Ni a garinmu ma haka ake yi," in ji Malama Bintu a hankali. "Yayana ɗan fari ne, har ya yi gemu ban taɓa jin ya yi doguwar magana a gaban mahaifinmu ba. Amma sai da na yi kwana goma ina ɗiga biro kafin abin ya faɗo mini. Ranar da na gwada ta ma, kana bakin ƙofa, ni kuma ban kula ba. Kakarta ta yi mata tarbiyya da kyau, Baba. Ba za ta ɗaga murya kana ji ba, ko hannunta ba ya iya rubutu in ta san kana nan."

Daga waje Mushe Rissa ya leƙo da malafar a kansa ya ce, "Baba Akila, ashe shekara biyu kai ne sufeton da ke kayar mini da ɗaliba?"

Akila bai iya dariya ba. Ya dubi tafin hannunsa ya ce, "Ni na yi zaton tsaron ta nake yi."

Aka shirya da direkta za a sake yi wa Hosana gwaji ranar Alhamis, rubutu da baki, a gabansa. Sharaɗi ɗaya Malama Bintu ta kafa: kada Akila ya kasance ko a cikin shingen lakwal, kuma sai yarinyar ta ga fitarsa da idonta.

Ranar Alhamis randuna cike suke, amma ya ɗaura jaki. Ya bi ta gaban aji shida da gangan, yana yi wa jakin tsawar da bai yi laifin komai ba, jarkoki na ta ƙara. A rijiya ya tarar da Aghali, wani makiyayi da suka saba, yana shayar da raƙuma.

"Mai gadi, yau ba ranarka ba ce. Ko lissafin kwana ya ɓace maka?"

"Korata aka yi."

"Daga aiki?"

"Daga inuwa."

Ya cika jarkoki, ya taya Aghali jan guga, ya zube wata jarka ya sake cikawa don dai hannunsa ya sami abin yi. Sau biyu ya kama linzamin jaki zai juya, sau biyu ya saki. Ya zauna a gindin wata ƙaya ya yi addu'a, ya roƙi Ubangiji ya buɗe bakin yarinyar nan, ko a addu'ar ma bai ambaci sunan ba. Sai da inuwarsa ta dawo ƙarƙashin ƙafarsa ya kama hanya.

Tun daga ƙofa ya hango direkta tsaye a baranda yana kaɗa wata takarda.

"Baba Akila, zo ka ga abin da ka ɓoye mana. Lissafi goma, ta ci tara. Shifta kuwa kuskure biyu kacal, ko ɗan Mushe Rissa bai yi haka ba. Na sa sunanta, ga shi nan na huɗu a jeri."

Akila ya karɓi takardar da hannu biyu. Karatunsa bai da yawa, amma waɗannan haruffa shida ya san su. Ya bi su da yatsa, ya mayar.

Malama Bintu ta ja shi gefe ta ciro wayarta. Ta ce ta nemi izinin yarinyar kafin ta ɗauka, ta kuma tambaye ta ko a kunna wa babanta, yarinyar ta rufe fuska ta gyaɗa kai. Ta danna. Wata murya ta fito, tsayayya, mai ɗan kauri irin na kakarta, tana karanta Faransanci ba gargada. Can aka ji direkta ya ce ta bayyana da Hausa yadda ta raba lita ɗari da ashirin a jarkoki. Muryar ta ce, "Ai mai sauƙi ne, Mushe. Amalanken babanmu jarka shida yake ɗauka, kowace lita ashirin."

Akila ya cire malafarsa ya riƙe a ƙirji. Shekara uku suna gida ɗaya, bai taɓa jin ta haɗa kalma biyar a jere ba. Ya ce, "Malama, a sake." Ta sake. Ya ce a ƙara sau ɗaya, ya kuma tambaya ko za ta iya biyawa ta gidansu da yamma, akwai wata mai tankaɗe da za ta ce ba ruwanta, amma a kunna kusa da ita.

A ranar ya ɗauke bencinsa ya kai bakin ƙofar shiga, inda ba inuwar kirki, ya kafa ƴar rumfar zana. Da lokacin jarrabawa ya zo, aka kwashi ɗalibai zuwa cibiyar da za su rubuta, shi ya nufi rijiya tun safe ba wanda ya ce masa ya tafi. Hosana ta ci, ta shiga kolej da damina ta wuce.

Kafin Malama Bintu ta koma Damagaram ta zo yi masa sallama. Ta ce malamanta sun ga layukan ɗigon nan, sun ce ta faɗaɗa binciken zuwa wasu makarantun Tarka da Tanut, domin akwai malamai da dama da ƴaƴansu na fari ke zaune a ajinsu, ana ce wa yaran dolaye.

"Ina son in rubuta labarinku a ciki, Baba, in ka yarda. Amma ka kwantar da hankalinka, ƙa'idar aikinmu ce, ba zan ambaci sunanta ba ko sau ɗaya."

Akila ya yi dariya har jakin ya ɗaga kunne.

"Rubuta, ƴata. Ni da na haife ta ma shekara goma sha uku ke nan ban ambata ba."