Daga Gidan Gaba Zuwa Kariya

"Albarka," in ji mai gyaran keke, ya ci gaba da ɗiga mai a sarƙa kamar ba da shi ake ba.

Mai Sito ya sake dafa sirdin, ya matsa birki, ya kaɗa ƙararrawa. Baƙin keke ne irin na da, mai nauyi, da kariya a baya wadda za ta ɗauki buhu ba ta yi ƙara ba. Ya juya kamar zai tafi. Mai gyara ya san tafiyar ciniki ce, sai ya ɗago kai ya dubi tumbin Mai Sito, ya dubi wilin baya, ya sake duban tumbin. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

"Dawo, maigida. Na sallama a yadda ka taya, amma da sharaɗi. Duk abin da ya sami keken nan, faci ne, birki ne, wili ne ya lanƙwashe, nan za ka kawo shi. Ba ka kai wa kowa."

"In dai wannan ne, na yarda."

Suka tafa. Mai gyara ya yi dariya a ciki, don a ganinsa mai irin wannan jiki ba zai yi mako bai fasa taya ba. Abin da ya rage a ciniki zai dawo masa har da 'ya'ya.

Ba sha'awa ce ta kai Mai Sito ga keke ba, likita ne. Ya auna jininsa, ya auna sukarinsa, ya ce masa jikin ya gaji da zama: daga kujerar mota sai kujerar sito, daga nan sai kujerar falo. Ga kuma sabuwar manaja a kamfaninsu, matashiya mai karatu, wadda ba ta da zance sai na hayaƙin motoci da iskar da jikoki za su shaƙa. Har ta sa an kafa ƙarfen jingine keke a bakin ƙofa, wanda ba abin da aka taɓa jinginawa a jikinsa sai tsintsiyar mai shara. Mai Sito ya ga faɗuwa ta zo daidai da zama.

Maiɗakinsa ce ta fara tsayawa. "A shekarunka? Mutane za su ce mun karye."

"Gara su ce na karye da su zo miki ta'aziyya."

Da kanta ta ɗauko tanti ta lulluɓe motar.

Saura Yallaɓai. Ba wani babba ba ne, mai amsa waya ne a kamfanin, dogo siriri, gidansa na bayan layinsu. Shekara da shekaru kullum safiya yana tsaye a bakin kwana, Mai Sito ya tsaya ya buɗe masa gidan gaba. Shi yana kiran Mai Sito Direba, Mai Sito kuma yana kiransa Yallaɓai, tunda shi ake tuƙawa. Daga kwana har ofis musu suke, a kan ƙwallo, a kan tsadar kaya, a kan wanda ya girmi wani. Da Mai Sito ya gaya masa zancen keke, sai ya ce, "To, Direba ya ajiye aiki. Allah ya ƙara lafiya. Ai motocin haya ba su ƙare ba."

Kwanakin farko Mai Sito ya sha wuya. Cinyoyi suka yi tsami, zama a kujera ma sai da dabara. Daga baya jiki ya saki. Ya gano akwai gangare bayan gada wanda bai taɓa sanin da shi ba a mota, inda zai bar feda, iska ta cika masa riga, ya ji kamar an rage masa shekaru. Manaja ta yaba masa a gaban mutane. Ya fara barci ba minshari, in ji maiɗakinsa.

Amma Yallaɓai ya shiga makara. Mutumin da a da ake daidaita agogo da shigowarsa, yanzu sai waya ta gaji da kuka kafin ya iso. Manaja ta yi magana, ta sake yi, jiya kuma ta ce masa a gaban kowa in ya ƙara makara ya tsaya a gida. 'Yan watanni ne suka rage masa ya yi ritaya da mutuncinsa da haƙƙinsa, in kuwa aka sallame shi yanzu, wahalar shekaru ta bi ruwa.

Mai Sito ya ɗauka fushi ne. Ya sha wucewa ta tashar bas ya ɗaga wa Yallaɓai hannu, mutumin ya dube shi kamar bango. To, in gaba ce, a yi ta, amma ba da aikin mutum ba. Da wannan ya fito a safiyar nan, ya ƙudura sai ya wanke shi tas.

Ya same shi shi kaɗai a ƙarƙashin rumfar tashar, da jakarsa a hammata. Ya sauka daga keke ya tsaya dab da shi, bai yi sallama ba, yana jira ya ga iyakar girman kan. Sai ga bas ta taho, irin sababbin nan da ba kwandasta mai kiran hanya, sai allo a goshi. Tasu ce. Yallaɓai ya matsa gaba, ya ƙanƙance ido, ya miƙa wuya, ya dawo baya. Sannan ya juyo wajen Mai Sito, fuska da fuska.

"Bawan Allah, don Allah wannan ina ta nufa? Hasken nan ne ya kashe mini ido."

Gari kuwa a lumshe yake, ko rana ba ta leƙo ba.

Maganar da Mai Sito ya shiryo tun daga gida ta bi iska. Nan take ya tuna yadda mutumin yake lalubar hannun ƙofar mota, da yadda ya daina karanta allunan shaguna yana yi musu ba'a, abin da a da ba ya gajiya da shi. Duk a gabansa aka yi, shi yana kallon titi. Kafin ya amsa, bas ta rufe ƙofa ta ja.

"Tamu ce, Yallaɓai. Ta tafi."

Yallaɓai ya gane shi nan take. Mutum ne da ke gane muryar abokin ciniki daga sallama.

"Direba. Yaushe ka koma laɓe?"

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Kada ka maishe ni yaro. Tun yaushe idon?"

Yallaɓai ya gyara jaka a hammata. "Ya kwana biyu. Kamar hazo. Mutum in ya zo, ina ganin mutum ne, amma wane ne, sai ya yi magana. Aiki bai gagare ni ba, yatsuna sun haddace wayar. Allon bas ɗin nan ne. Wani in ka tambaye shi ya faɗa, wani ya yi kamar bai ji ba. Shekaranjiya sai da na tsinci kaina a bakin mayanka."

"Motata fa, yaya kake gane ta?"

"Wannan akwalar? Ko a lahira na ji salansarta na san ita ce."

Mai Sito bai yi dariya ba. "Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Me ya hana ka faɗa mini ranar da na kawo maka zancen keke?"

"In ce me? Ka ci gaba da zama a mota jini ya buge ka, don ni in sami gidan gaba? Kuma in magana ta kai ofis, ka san ba za su jira watannin nan ba."

"Gobe zan yaye tantin motar."

"Ba za ka yaye ba. In ka faɗi a kan sitiyari, wa zai kai ni? Ka bar ni a tasha ke nan har abada. Ni direba mai rai nake so."

Mai Sito ya dubi agogo, ya dubi titi. Wata bas ba yanzu ba. Ya dubi kariya.

"Hau."

"In hau ina?"

"Gidan baya. An rage maka girma."

"Kai da ka koyi abin nan jiya? Ina da iyali fa."

"Ni ma ba daga sama na faɗo ba. Hau, lokaci na tafiya."

Yallaɓai ya laluba kariyar, ya karanta abin da ya sani, ya zauna a karkace kamar wanda aka ɗora a kan kaifin wuƙa, dogayen ƙafafunsa na share ƙasa. Tashin farko keken ya yi hagu, ya yi dama, wata mai tallan lemo ta janye farantinta. Yallaɓai ya rungume tumbin Mai Sito da hannu biyu.

"Ashe abin nan yana da amfani," in ji shi.

"Ka rufe baki, kana karkata mini kai."

A hawan gada suka sauka, don ko shi kaɗai Mai Sito da kyar yake cin wannan tudu. Ya kama kan keken yana turawa, yana haki. Can ya ji nauyin ya ragu. Ya waiwaya, sai ya ga Yallaɓai ya riƙe kariya da hannu ɗaya yana tafiya a miƙe, ba dogara ƙafa, ba lalube, kamar mai ido huɗu. Inda keke ya kauce wa rami shi ma ya kauce, inda ya hau dakali shi ma ya ɗaga ƙafa. Duk wanda ya gan su zai ce wani dattijo ne ke taya abokinsa turi. Mai Sito ya daɗe yana satar kallon hannun nan.

A gangare suka sake hawa. Yau Mai Sito bai saki birki ba, ya riƙe shi har ƙasa, wilin baya na kuka, Yallaɓai na tuna masa yawan jikokinsa.

Sun iso maigadi na janyo ƙofa. Manaja na tsaye a gefe, hannu a harɗe, da ganinta ka san wanda take jira. Ta dubi agogonta, ta dubi dattawa biyu jiƙe da gumi, ɗaya wandonsa ya sha baƙin mai. Sai fuskarta ta washe.

"Baba, har da kai? Kai ma ka bar hawa mota?"

Yallaɓai ya juya daidai inda muryar ta fito. "Ranki ya daɗe, ba ni na bari ba, ita ta bar ni."

"Amma goyo a titin nan akwai haɗari."

"Yau ne kawai," in ji Mai Sito da sauri. "Daga gobe da ƙafa za mu riƙa zuwa. Likita ya ce tafiya ta fi. Keken na ɗaukar mana jaka."

Ta ce madalla, ta ce da kowa zai yi koyi da su da garin nan ya huta da hayaƙi. Har hoto ta ɗauke su.

Da suka shiga, Mai Sito na ɗaure keke a ƙarfe, Yallaɓai ya rage murya. "Da ƙafa? Wa ka tambaya?"

"Ba na tambayar fasinja. Mu fito da wuri, ka riƙe kariya, ba mai cewa komai. Amma ranar da ba aiki za ka bi ni asibitin ido. In ka ƙi, da bakina zan gaya mata."

"Ka zama ɗan sanda ke nan."

"Ka yarda ko ba ka yarda ba?"

Yallaɓai ya miƙo hannu, ya ɗan kauce wa inda na Mai Sito yake. Mai Sito ya kamo shi.

Haka aka yi. Likitan ido ya ce yanar ido ce, za a iya cirewa, amma layin masu jira dogo ne, don haka hannun Yallaɓai ya zauna a kariya har ranar da aka yi masa walimar ajiye aiki. Shi ya ci riba, ya fita da mutuncinsa. Manaja ta sami hoton da ta manna a bango. Likitan Mai Sito ya auna jini ya ce keke ya yi aiki, ba wanda ya gyara masa zance. Mai gyaran keke shi ya yi asara, don kullum safiya yana ganin baƙin keken nan na wucewa ta gaban rumfarsa, jaka biyu a rataye, sirdi ba kowa, taya ko ƙaya ba ta taka ba, har ya daina amsa gaisuwarsu da daɗin rai. Mai Sito kuwa, in an tambaye shi, cewa yake bai rasa komai ba. Sai dai in sun kawo kan gangaren nan na bayan gada, yakan tuna iskar da ke cika masa riga a da, ya yi shiru a tsakiyar musu, ya ƙara damƙe birki, har sai Yallaɓai ya ce, "Direba, ka kasa ba da amsa ke nan?"