Taɓa Ƙarfe Tukuna

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana zuba wa motocin mutane mai, har sunansa ya ɓace, kowa sai Mai-Famfo. Tun Autarsa tana rarrafe ya rantse cewa babu ɗansa da zai riƙe kan famfo. To, ga yarinya ta yi karatun injiniya har ta ƙure malamanta, ta samu aiki a kamfanin ƙera kumbo, da ya tambaye ta me take yi a can, sai ta ce masa aikin zuba mai. Ranar ko abinci bai iya ci ba.

Ta yi masa bayani ya fi sau biyar. Kumbon da zai kai mutane duniyar Mars yana ƙone kusan duk mansa wajen tashi daga ƙasa, dole wani kumbon ya same shi a sama ya cika masa tanki kafin ya ɗauki hanya. Bakin da za a haɗa tankunan biyu da shi, shi suke ƙerawa. Tsoho ya ji da kunne, amma abin bai shiga ransa ba. A bencin ƙofar shagon tela, inda yake wuni tun da ya bar aiki, in an tambaye shi sai ya ce tana ofis, ya sako wata maganar. Tela kuwa bakinsa ba ya shiru, ya sha tambayarsa wane irin ofis ne wannan marar suna.

Labari ya koma wa Auta, kuma ya yi mata zafi. Wata safiya ta zo da mota, ta ce sai ya bi ta.

Da suka isa wurin aikinta, aka sa masa farar riga da hula, aka rufe masa takalma da leda, yana ta mita wai ko asibiti aka kawo shi. A tsakiyar ɗakin gwaji ga ƙarafa biyu, wato bakunan tankunan, kowanne girman durom, suna matsowa juna a kan dogo, a hankali kamar masu jin kunya. Bututun da ke jikinsu ya yi fari fat da ƙanƙara, don man kumbo sanyi gare shi. Duk wannan bai dame shi ba. Idonsa ya tsaya kan wata siririyar waya da ta leƙo gaba kamar taƙi ɗaya, ta fara taɓa ɗaya ƙarfen kafin bakunan su haɗu.

Ya san wannan taɓawar. Duk tsawon aikinsa bai taɓa sakin mai ba sai ya dafa jikin mota da tafinsa, ya goga kan famfo a wuyan tanki, don wutar da ke taruwa a jiki ta fita kada ta yi tartsatsi. Abokan aiki sun yi masa dariya har sun gaji, wasu ma sun ɗauka camfi ne.

Shugaban sashen, wani dogo mai furfura, ya zo ya gaishe shi da hannu biyu. Ya ce a zanen farko wayar tana can ciki, tana haɗuwa lokaci ɗaya da bakin. Auta ce ta kafe har wata uku sai an fito da ita gaba, gwaji kuma ya ba ta gaskiya. Yanzu kowa a nan hannun Baba yake kiran wayar.

"Baba," in ji Auta a hankali, "duk ranar da na kawo maka abinci gidan mai, me kake ce mini kafin in matso?"

"Taɓa ƙarfe tukuna," ya ce. Daɗi ya kama shi har ya rasa inda zai sa kansa, sai ya shiga gyara hular da babu abin da ya same ta.

Washegari ya riga kowa zuwa benci. Tela yana buɗe shago ya tambaya, kamar kullum, ya mutuniyar ofis.

Mai-Famfo ya gyara zama, ya jira har abokan zamansa, mai aski da direba, suka iso, don kada ya maimaita.

"Wane ofis? Mai take zubawa," ya ce. "Ni na koya mata."