Baƙar makar Kawu Gwadabe

Kawu Gwadabe, ƙanen mahaifiyata, ya zo Umra a 1976, har yau bai ce ya gama ba. Aikinsa na farko a wani tsakar gida ne a unguwar Ammariyya inda ake haska finafinan Masar a bango, shi ke liƙa fasta. Da aka rufe silimomin nan mai gidan ya ce a ƙone fastocin. Kawu ya ga takarda mai kauri, ya shimfiɗe su ƙarƙashin katifa saboda kuɗin cizo. Daga nan ya koma wani kanti a Aziziyya, yana bin kwalayen kaya da baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, yana rufe damtse da wuyan matan da ke jikinsu. Ya ƙware, ba ya tsallake layi.

A 2011 gwiwa ta ce ta gaji. Ba shi da iƙama, takardar izinin zama, ya san a jirgin tarhil na waɗanda ake kora gida zai koma. Abin da ke cin ransa shi ne ya shiga Gumel hannu rabbana bayan duk shekarun nan, a ce ga ɗan Makka ya dawo.

Ni Rabi'a na gano akwai masu zuba dukiya a kan irin fastocin nan. Na ɗauke su hoto a wayata, sai gardama ta tashi.

"A sa a intanet," in ji Maman Lawali, wani tela ɗan Damagaram da ke maƙwabtaka da mu a unguwar Nuzla. "Can ba mai tambayarka takarda."

"Mutumin da ban ga ƙwayar idonsa ba?" in ji Kawu. "Ya karɓi kaya ya ce bai gani ba, ƙara wajen wa zan kai?"

Na ce akwai gidan gwanjo a Dubai, su mutum suke aikowa ya duba, kuma da sunana za a yi tunda ina da iƙama. Jin akwai wanda za a yi musabaha da shi, Kawu ya yarda.

Ranar Alhamis wakilinsu, Ustaz Abdulghani, ya zo da farar safar hannu. Kawu ya sha sabuwar jallabiya, ya warware fastocin da kansa. Kowace mace a jikinsu ta samu baƙar riga mai dogon hannu da maka. Wata mai rawa da fastarta ta fi kowace tsada, an yi mata abaya har idon sawu.

"Wa ya yi wannan?" in ji Abdulghani.

"Ni ne," in ji Kawu, yana jiran yabo. "Baƙo zai shigo ɗakina in baje masa mata a haka? Kuma da kwastan ba su bar su sun fita ba."

Abdulghani ya cire safar, ya shanye shayinsa saboda ladabi, ya ce gidansu ba zai ɗora sunansa a kan wannan ba. Halas, magana ta ƙare.

Takaici ya sa ni kuka, ban ɓoye ba. Maman Lawali ya bari ƙura ta lafa, sannan ya matso.

"Bon, to. Hotunan Rabi'a na kafin maka ne. A sa su a intanet. Kafin kwali ya isa wajen mai saye, kana Gumel."

Allah ya sani, so nake ya ce to. Kawu ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo.

"Wato mutumin nan da nake tsoro a intanet, haka ake samunsa," ya ce. "Yalla Rabi'a, goge."

Ya tsaya a kaina sai da na goge su duka. Ranar Asabar na raka shi ƙarƙashin gadar da ake zama a jira motar tarhil. Na ce zan buga Gumel su shirya tarbarsa.

"Kada ki faɗa musu rana," ya ce. "Na san hanyar gida."