Tokar Zinariya

Shekarar da hukumar En'e ta kawo duron shara kasuwar Wurno, ba wanda ya sha wuyatta irin Mu'azu mai shara. Wai tsabta anka kawo. Tsohon duron kwalta ne anka yanke biyu, anka ɗora bisa daɓen siminti bakin rumfar mahauta, ba a ko kankare shi ba. Da sanyi lafiya lau. Bazara na shigowa sai sauran kwaltar ta narke, ta tsiyayo ta gindi, duro ya kama daɓe ƙam kamar ƙanzo ga tukunya.

Mu'azu kuwa ya tsufa, ƙugu ya daɗe da gajiya. Kullum sai ya yi kokawa da duron nan kafin ya kai shi juji, ya komo gida shina tafiya a duƙe. Ga Malam Yusha'u duba-gari ya riga ya faɗa mishi, ba da faɗa ba, cewa ran da ya kasa ɗaga duro akwai samari masu jira. Aikin ga kuwa shi ka ciyar da gidan, don gonar fadama ta fi ƙarfinai tuni.

Matatai Zinariya ce ta gaji da gasa mishi ƙugu. Wata safiya ta kwashe tokar murhu cikin sakaina, tac ce ya barbaɗa bisa daɓen kafin ya aje duro. Ya barbaɗa. Wallahi da azahar duro ya taso salin-alin. Mu'azu har dariya ya yi, shi kaɗai cikin rana.

To amma dokar duba-gari ita ce daɓe shi zama fes, kuma toka gare su ƙazanta ce. Sai Mu'azu ya koyi dabara: ya share tokar kafin malam ya zagayo da hantsi, malam na ba da baya ya maida ta. Haka anka yi ta yi, gajiya bisa gajiya.

Ran wata kasuwa Malam Yusha'u ya zo, sarkin fawa ya shimfiɗa mishi tabarma, anka kawo balangu. Hira ta yi daɗi. Mu'azu na tsaye da tsintsiya, ya riga ya share tokar daga ƙarƙashin duro, sakainar ɓoye bayan rumfa, shina kallon inuwa na janyewa daga duron. Yaushe talaka za shi ce ma ma'aikaci tashi?

Sai da rana ta take sannan malam ya miƙe, yac ce, "Baba, kwashe wanga mu gani, ya cika."

Mu'azu ya rungumi duro, ya yi bisimilla, ya ja. Ko motsi. Ya sake ja, wani abu ya ce ƙas cikin ƙugunai, ya zauna daɓas cikin ƙudaje. Malam ya yi mishi sannu, da gaske kuma ya ji tausai. Washegari anka ba Atiku, ɗan maƙwabcinsu, tsintsiyar.

Da safe Zinariya ta kwashe toka yadda ta saba, sai da ta zo bakin ɗaki ta tuna. Ta tsaya da sakaina ga hannu, tac ce, "Maigida, mi za ni yi da ita?"

Mu'azu na kwance, bai ko juyo ba.

"Ki kai ma Atiku. Shi ma ƙugu guda gare shi."